Jagora, Jagaba da Madugu: Asalin Kalmomin Ja-gaba da Tafiyarsu daga Hanyar Fatake zuwa Unguwar Yakite ta Bangi

1.0 Gabatarwa

Idan aka ba ɗalibin fassara kalmar Ingilishi "guide" aka ce ya mayar da ita Hausa, amsar da za ta fara zuwa bakinsa ita ce "jagora". Amsar ba ta kauce ba, sai dai ba ta ƙoshi ba. Hausa tana da jerin kalmomi na wanda yake nuna hanya ko yake gaba a tafiya, kamar jagora da jagaba da shugaba da madugu da limami, kuma kowace da irin nauyin da take ɗora wa mai ita. Wannan takarda za ta bi asalin waɗannan kalmomi, ta kwatanta su da takwarorinsu na Ingilishi da Faransanci da Larabci, sannan ta bi sawun fataken da suka yi amfani da su har zuwa ɗaya daga cikin zangunansu mafi nisa ta kudu maso gabas, wato Yakite da maƙwabtanta a shiyyar Kilomita Biyar ta birnin Bangi, hedkwatar Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Abin da ake son nunawa shi ne, a kan hanya aka haifi waɗannan kalmomi, kuma kowace tana bayyana aikin da na gaba yake yi wa na baya. Idan aikin ya faɗi aka bar sunan kaɗai, waɗanda ke biye su ne suke ɗanɗana kuɗarsu.

2.0 Asalin kalmar "guide"

Kalmar "guide" ba 'yar asalin Ingilishi ba ce. Ta shiga harshen ne a ƙarni na 14 daga tsohon Faransanci, inda aikatau ɗin "guider" yake nufin nuna wa mutum hanya. Su ma Faransawa aro suka yi daga harshen Farankawa, wata al'ummar Jamusawan dā da ta mallaki ƙasar bayan rushewar daular Rum. Saiwar kalmar tana ɗauke da ma'anar gani da sani, kuma daga gare ta ne aka sami "wit" da "wise" na Ingilishi da "wissen" na Jamusanci, duk masu nufin sani ko hikima. Ke nan a asali "guide" shi ne masanin hanya. Daga baya ma'anar ta tashi daga mutum ta koma kan littafi: tun ƙarni na 17 ake kiran littafin da ke nuna wa mai karatu yadda zai yi wani abu da wannan suna, kuma a 1900 kamfanin taya na Michelin ya fara buga wa direbobin Faransa littafin hanya mai wannan suna.

Akwai wasu kalmomi biyu na Turai da ya kamata a ajiye kusa. Ta farko ita ce "lead" ta Ingilishi, wadda a tsohon harshen take nufin sa wani ya tafi. Ta biyu ita ce "ducere" ta Latin, mai nufin ja ko jan gaba; daga gare ta aka sami "dux", wato kwamandan yaƙi, da sarautar "duke" ta Ingila, da laƙabin "Duce" da Musolini ya ɗauka a Italiya. Haka kuma kalmar da Turawa ke kiran shugaban ƙasa da ita ta fito ne daga Latin da ma'anar mai zama a gaba. Idan aka tattara za a ga tunani uku: sanin hanya, da jan na baya, da kasancewa a gaba. Dukkan ukun suna nan a Hausa.

3.0 Kalmomin Hausa na gida

3.1 Jagora

Jagora harɗaɗɗen suna ne na aikatau da karɓau, wato "ja" da "gora", irin ginin da ake gani a ɓata-gari da dafa-duka da ci-rani. Gorar da ake nufi ita ce sandar gora, kalma ta mace, wadda ta bambanta a jinsi da karin sauti da goran ruwa na karin maganar nan, "ba a fafe gora ranar tafiya". Hoton da kalmar ta ɗauko shi ne na yaron da ke riƙe da kan sanda yana gaba, makaho yana riƙe da ɗaya kan yana biye. Har yau ana kiran irin wannan yaro ɗan jagora.

Akwai abin lura a wannan hoto. Ɗan jagora ba shi ne yake zaɓar inda za a je ba. Makahon ne ke cewa a nufi kasuwa ko masallaci. Ba ya iya sauri fiye da tafiyar wanda yake ja, kuma idan ya saki gorar, jagorancinsa ya ƙare nan take. A mafi yawan lokaci ma shi ne ƙarami a shekaru da daraja. Daga wannan ƙaramin aiki ne kalmar ta hau har ta haifi jagoranci da jagoranta, aka riƙa ce wa Malam Aminu Kano jagoran talakawa, kafofin watsa labarai kuma suka riƙa kiran shugaban addini na Iran jagora.

3.2 Jagaba da shugaba

Jagaba ma ginin iri ɗaya ne: "ja" da "gaba". A ayarin fatake da kuma rundunar yaƙi, jagaba shi ne wanda ke wucewa gaba ya duba hanya, ya gano mashigin rafi da wurin sauka, ya kawo labarin 'yan fashi kafin jama'a su iso. Karin maganar da ke cewa "na gaba idon na baya" ta dace da shi sarai. Kalmar ta zama sarauta a wasu masarautu. A 2006 Sarkin Borgu Haliru Dantoro ya naɗa Bola Ahmed Tinubu, gwamnan Legas na lokacin, Jagaban Borgu, kuma ta wannan hanya kalmar ta shiga bakin Yarabawa da jaridun Ingilishi na Nijeriya. Ba abin mamaki ba ne a sami wannan sarauta a Borgu, domin ta ƙasar ne ayarorin goro suke ratsawa.

Ita kuwa shugaba, galibin manazarta suna ɗaukar ta a matsayin "shiga gaba" da ta narke ta zama kalma guda. Ta yi nisa da asalinta fiye da sauran, har mai magana ba ya jin gaɓoɓinta biyu. Ita ce kuma aka zaɓa wa muƙaman zamani: shugaban ƙasa, shugaban makaranta, shugaban ƙungiya.

4.0 Kalmomin aro daga Larabci

Limami ta fito daga "al-imam", kuma saiwarta ɗaya da kalmar Larabci mai nufin gaba. Limami dai shi ne mai tsayawa gaban sahu, wato tunaninsu ɗaya da shugaba.

Wadda ta fi ban sha'awa ita ce dalili. A Larabci "dalil" shi ne mai nuna hanya a hamada, daga nan ma'anar ta faɗaɗa ta haɗa da duk abin da ke kai hankali ga gaskiya, wato hujja. Hausa ta ɗauki ma'ana ta biyu ta bar ta farko, saboda tana da jagora da jagaba. Daga wannan saiwa ce kuma aka sami dillali, mai nuna wa baƙon ɗan kasuwa mai saye. Haka nan a ƙasar Darfur, shugaban ayarin da ke bin hanyar kwana arba'in zuwa Masar ana ce masa "khabir", wato masani, kalmar da saiwarta ɗaya da labari. A nan Larabci ya haɗu da "guide": mai nuna hanya shi ne mai sani.

Tarihi ya adana misalin darajar wannan sani. A 1352 Ibn Battuta ya ƙetare Sahara daga Sijilmasa zuwa Walata. Ya ba da labarin cewa mai nuna musu hanya ido ɗaya gare shi, ɗayan ma da ciwo, amma babu wanda ya kai shi sanin hanyar. Ya kuma bayyana yadda ayari ke ɗaukar wani mutum haya ya riga su isa Walata domin a taryo su da ruwa. Idan ya halaka a hanya, ayarin ma yana iya halaka. Wanda ayarinsu ya ɗauka miskali 100 na zinariya aka biya shi. Aikin wannan mutum shi ne ainihin aikin jagaba.

5.0 Madugu uban tafiya

Madugu ta bambanta da jagora da jagaba ta fuskar gini, domin ba ta rabuwa gida biyu a Hausar yau. Ta fuskar aiki kuwa ita ce ta haɗa tunanin nan uku wuri guda, ta ƙara da na huɗu, wato ɗaukar alhaki. Kirarin da ake yi masa, "madugu uban tafiya", ya nuna haka.

A ƙarni na 19 babbar hanyar fataucin Hausawa ita ce ta goro, daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yau. Ayari kan tashi da rani da mutane ɗaruruwa, wani lokaci fiye da 1,000, da jakuna da alfadarai ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Borgu, ya yi watanni kafin ya komo. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka shahara a wannan sana'a. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, daga gidan madugai na Agalawa ya fito.

Ayari yana da tsari. Madugu ne ke sa ranar tashi bayan shawara da malamin ayari. Jagaba yana gaba. Uban dawaki yana tattara kuɗin da za a biya a mashigai da garuruwa. Madugu kuma shi ke zama da sarakunan hanya ya daidaita gaisuwa da kuɗin fito, shi ke raba gardama, shi ke tsare dukiyar wanda ya rasu har a mai da ita ga magada. Babu sarkin da ke naɗa shi, babu kuma wanda ake tilasta wa bin sa. Falke yana duba wanda ya kai mutane ya dawo da su lafiya bara, sai ya bi shi bana. Madugun da ya jefa ayari hannun 'yan fashi ko ya ci amanar kuɗin fito, baɗi sai ya tashi shi kaɗai. Wannan ita ce kariyar da na baya suke da ita.

Wannan ne ya sa fassara madugu da "guide" take rage masa daraja. Bajamushen nan Eduard Flegel, wanda ya isa Ngaundare da mafarin kogin Binuwai a 1882, a ƙarƙashin inuwar Madugu Muhammadu Mai Gashin Baki ya yi tafiyar, kuma a 1884 ya tafi da shi da wani madugun har Barlin. A taswirorin Turai sunan Flegel ne ya fito, alhali hanyar da masaukan da amincewar sarakuna duk na madugun ne.

6.0 Daga Adamawa zuwa bakin Ubangi

Hanya ta biyu, wadda ta fi shafar wannan takarda, ita ce ta kudu maso gabas. Bayan da Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, aka kafa masarautar Adamawa, wadda hedkwatarta ta zauna a Yola a 1841. Daga cikin garuruwan da ke ƙarƙashinta, Ngaundare ce ta fi miƙa ƙafa kudu da gabas, zuwa ƙasar Gbaya da kwarin kogin Sanga, wato yammacin Afirka ta Tsakiya ta yau. Fataken Hausawa da Barebari sun bi bayan rundunoninta, suka kafa zanguna a wurare irin su Kunde da Gaza. Abin da suke nema shi ne hauren giwa da bayi. Wannan ɓangare na tarihin madugu ba abin ɓoyewa ba ne: amanar da yake riƙe wa fatake ba ta shafi mutanen da aka ɗauro a bayan ayari ba, kuma ƙwaƙwalwar al'ummomin da aka kai wa hari ba ta manta ba.

Ta arewa maso gabas kuma akwai daular Darul Kuti, inda Rabe ya ɗora Muhammadu Sanusi a 1890. Sanusi ya mayar da hedkwatarsa Ndele, ya yi ciniki da fataken Wadai da Barno, har Faransawa suka kashe shi a 1911. Ta nan ne kalmomin Larabcin Cadi da mutanensa suka gangaro kudu.

Turawa ma waɗannan hanyoyi suka bi. Faransawa sun kafa sansaninsu na Bangi, wanda suke rubutawa Bangui, a bakin kogin Ubangi a watan Yuni na 1889. A 1892 hafsan Faransa Louis Mizon, wanda ya taso daga Yola, ya bi ta Ngaundare ya gangara Sanga a kan turbar fatake. Da mulkin mallaka ya zauna, aka hana cinikin bayi, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, mota ta biyo baya, sai manyan ayarori suka mutu. Amma fatake ba su mutu ba. Tun daga shekarun 1920 Fulanin Bororo suka fara shigowa ƙasar da shanu daga Kamaru, Hausawa suka zama dillalan shanu da mahauta da masu kanti, daga baya kuma masu sayen lu'ulu'u a garuruwa irin su Karno da Berberati. A nan aikin madugu ya rabu: mai gida ya ɗauki saukar baƙi da lamuni, dillali ya ɗauki nuna kasuwa, mai unguwa da limami suka ɗauki raba gardama da tsayawa gaban hukuma.

7.0 Kilomita Biyar da Yakite

Sunan Kilomita Biyar, wanda ake taƙaitawa PK5 ko KM5, shi kansa alamar hanya ce: nisan wurin ke nan daga tsakiyar birnin, inda ake fara ƙidaya. Shiyyar ta bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da hukumar mulkin mallaka ta nesanta unguwannin 'yan ƙasa daga unguwar Turawa. Titin Boganda ne ya haɗa ta da cikin gari. A nan babbar kasuwar birnin take, a nan kuma babban masallaci yake. Yakite ɗaya ce daga unguwannin wannan shiyya a gunduma ta 3 ta birnin, kusa da wasu unguwanni da sunayensu kaɗai ke ba da labarin mazaunansu: unguwar Sanagalawa, da ta Kamarawa, da Gbaya Dombiya, da Mamadu Mbaiki. Hausawa da Barebari da Fulani da Larabawan Cadi da mutanen Mali sun zauna tare da Kiristoci 'yan ƙasa, harshen da ya haɗa kowa kuma shi ne Sango, wanda ya zama harshen hukuma tare da Faransanci a 1991.

Saboda haka ɗan Bahaushen da aka haifa a Yakite yana da kalmomin ja-gaba a harsuna uku ko huɗu. A gida yana jin jagora da madugu. A makaranta yana jin "guide" ta Faransanci, wadda ta sami wata ma'ana ta siyasa a ƙetaren kogin, inda Mobutu na Zayar ya sa ake kiran sa da ita. A titi kuma yana jin Sango, inda "fa" ke nufin nunawa ko koyarwa, "lege" kuma hanya, ana haɗa su a ce "fa lege", sannan ana ce wa mai unguwa "mokonzi".

Gwajin waɗannan kalmomi ya zo a 2013. A ranar 24 ga Maris 'yan tawayen Seleka, waɗanda yawancinsu Musulmi ne daga arewa maso gabas, suka ƙwace Bangi, Michel Djotodia ya hau mulki. Ta'asar da mayaƙansu suka yi wa farar hula ta haifar da ƙungiyoyin Anti-balaka, waɗanda suka auka wa birnin ranar 5 ga Disamba, suka ɗauki kowane Musulmi a matsayin Seleka. Bayan murabus ɗin Djotodia a Janairun 2014, dubban Musulmi suka bar ƙasar. Nijeriya ta kwashe 'yan ƙasarta ta jirgin sama, wasu kuma suka tafi Cadi da Kamaru cikin jerin manyan motoci da sojoji ke rakawa. Ayari ya dawo ke nan, amma na gudun hijira, jikokin fatake suna komawa ta turbar da kakanninsu suka zo. Musulmin Bangi da suka haura 100,000 kafin rikicin, zuwa ƙarshen 2015 kimanin 15,000 suka rage, kusan dukkansu a tsare cikin Kilomita Biyar. Unguwannin gefe irin su Yakite suka zama iyaka, gidaje da yawa suka zama kango.

A cikin wannan ƙunci aka ga ja-gaba iri biyu. Na farko su ne shugabannin addini. Limam Umar Kobine Layama, shugaban al'ummar Musulmin ƙasar, ya fake a gidan Akbishop Dieudonné Nzapalainga tun daga Disamban 2013, su biyun tare da Fasto Nicolas Guérékoyame-Gbangou suka riƙa zagaya ƙasar suna kiran sulhu. A ranar 30 ga Nuwamban 2015 Fafaroma Francis ya shiga babban masallacin Kilomita Biyar, limamin masallacin Tijjani Musa Na'ibi ya tarbe shi ya kuma hau motarsa tare da shi. Da Fafaroma ya fita zuwa filin wasa na Boganda, matasan shiyyar da suka daɗe ba su iya ƙetare iyakarta ba suka bi bayan tawagarsa a kan babura. Wannan shi ne ja-gaba a ma'anarsa ta asali: wani ya shiga gaba inda ake tsoro, na baya suka sami hanya.

Na biyu su ne ƙungiyoyin tsaron kai da matasa suka kafa. Da farko 'yan kasuwa ne ke tara musu kuɗi don su tsare mashigan unguwa, kamar yadda fatake ke tara wa uban dawaki kuɗin fito. Sannu a hankali gudummawa ta zama haraji na dole a kan kowane shago da kowace mota, ƙungiyoyin kuma suka riƙa faɗa da juna a kan rabon kasuwa. Bambancinsu da madugu a fili yake. Falke yana iya barin madugun da bai gamsu da shi ba. Mai shago a Kilomita Biyar ba shi da inda zai koma. A Afrilun 2018 rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, MINUSCA, da jami'an tsaron ƙasar suka shiga don ƙwace makamai, aka yi asarar rayuka da dama ba tare da an kai ga nasara ba. A ƙarshen Disamban 2019 'yan kasuwar da kansu suka ƙi biyan harajin, suka yi fito-na-fito da mayaƙan. Fiye da mutum 30 suka mutu, shaguna suka ƙone, kuma bayan haka aka ayyana shiyyar a matsayin wurin da aka haramta riƙe makami, 'yan sanda suka komo. Abin da falke yake yi da ƙafarsa a dā, wato ya sauya ayari, sai da jikokinsa suka biya shi da jini.

Ita ma tsohuwar matsalar hanya ba ta kau ba. Afirka ta Tsakiya ba ta da gaɓar teku, kayan kasuwar Kilomita Biyar kuma daga tashar Duwala suke zuwa ta Garwa-Bulai da Buwar, tafiyar fiye da kilomita 1,400. Da 'yan tawaye suka toshe wannan hanya daga Disamban 2020 zuwa Fabrairun 2021, ɗaruruwan manyan motoci suka maƙale a iyakar Kamaru, farashi ya tashi a Bangi, kuma ba a sake motsi ba sai a jere da rakiyar soja. Tambayoyin da direbobi ke yi kafin su tashi su ne waɗanda fatake ke yi a Kano shekaru 150 da suka wuce: wa zai shiga gaba, nawa za a biya a mashigi, wa zai ɗauki asara idan an faɗa hannun 'yan fashi.

8.0 Kammalawa

An ga cewa "guide" ta Ingilishi da Faransanci da "dalil" da "khabir" na Larabci sun ginu a kan sani; jagora da jagaba da "dux" na Latin sun ginu a kan ja; shugaba da limami kuma a kan tsayawa gaba. Madugu ya haɗa su duka, ya ƙara da alhakin rai da dukiyar mabiya, waɗanda suke da 'yancin barin sa. Saboda haka mai fassara ya kamata ya tambayi kansa irin aikin da mutumin da ke cikin matani yake yi kafin ya zaɓi kalma. Mai zagayawa da 'yan yawon buɗe ido jagora ne. Ɗan leƙen hanya jagaba ne. Littafin koyon aiki ana iya ce masa jagora. Wanda ya tara mutane ya ɗauki nauyin kai su da dawo da su, shi ne madugu.

A siyasar yau ana raba waɗannan sunaye a arha, kowane mai gidan siyasa jagora ne ko madugu. Tarihin kalmomin ya ba mai sauraro ma'aunin da zai gwada da'awar. Ɗan jagora yana tafiya da saurin makaho, zuwa inda makahon ya nufa. Jagaba shi ke fara haɗuwa da haɗari. Madugu kuwa ana ƙirga mutanen da ya dawo da su gida. Mazauna Yakite da sauran unguwannin Kilomita Biyar sun ga masu riƙe da waɗannan sharuɗɗa, sun kuma ga masu riƙe da sunan kaɗai, a tsakanin 2013 da 2019.